Aikin da ya fi ƙarfin kwalina, ko wanda kwalina ya fi ƙarfinsa?

Tambaya daga wani matashi a Mabera, Sakkwato: Assalamu alaikum Baba. Na yi ƙaramar difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, na wuce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na karanta tattalin arziki. Shekara biyu ke nan da gama hidimar ƙasa, ga ni zaune. Shekaruna 28. Yanzu ƙofa biyu ce a gabana. Wata hukumar gwamnati za ta ɗauki masu ƙaramar difloma a mataki na 6, kawuna yana da hanya a can, ya ce in ɓoye digirin in shiga da diflomar, daga baya a gyara. Wata ƙungiyar agaji kuma tana neman jami'in bin diddigin ayyuka da tattara bayanai, amma sun ce sai mai ƙwarewar shekara biyar, kuma sun fi son mai digiri na biyu. In sauka ƙasa ne, ko in yi tsalle?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka.

Da fayilolin ma'aikata na yi furfura a ofishin gwamnati, bayan ritaya kuma na ɗan taɓa aikin ɗaukar ma'aikata a wani kamfani mai zaman kansa nan cikin gari. Na zauna a kujerar masu tantancewa ta ɓangarori biyu ke nan. Abin da zaman ya koya mini shi ne saukar gwamnati daban, saukar kamfani daban, haka ma tsallensu. Yawancin samarin da suka zo ofishina da da-na-sani, gwamnati suka auna da mudun kamfani.

Mu fara da maganar kawunka, domin ita ce mai hatsari. Kada ka ji haushinsa. Mutum ne da ya gaji da ganinka a majalisa tun hantsi har la'asar, yana son ya ga ka riƙe wani abu. Amma bai faɗa maka yadda gidan da zai shigar da kai yake ba.

Aikin gwamnati layi-layi ne, kowane layi da ƙofarsa da rufinsa. Matakan albashi daga 1 zuwa 17 suke, sai dai ba kowa ke da izinin kaiwa 17 ba. Akawun da ya shiga da takardar sakandare, layinsa a mataki na 7 yake ƙarewa. Mai ƙaramar difloma yana shiga a 6, a layin da rufinsa ke mataki na 14. Mai digiri da takardar hidimar ƙasa yana shiga a 8, a layin manyan jami'ai, kuma wannan layin ne ke kaiwa kujerun darakta da mataimakansa, 15 zuwa 17. Tsarin tarayya ke nan, jihohi kuma a kansa suka ɗora nasu, da ɗan bambanci nan da can.

Ɗauko biro mu yi lissafi. Ƙa'idar ƙarin girma ta ce wanda ke mataki na 6 zuwa ƙasa sai ya yi aƙalla shekara biyu, daga 7 zuwa 14 shekara uku-uku, daga 15 zuwa sama huɗu-huɗu. Babu mataki na 11 a tsarin tarayya, daga 10 sai 12. In ka shiga a 6 kana da shekara 28, za ka taka 7 kana da 30, ka taka 8 kana da 33. Shekara biyar ke nan kafin ka isa inda kwalinka zai ajiye ka tun ranar farko. Ka ci gaba da ƙirga: 9 a shekara 36, 10 a 39, 12 a 42, 13 a 45, 14 a 48. Nan rufi ya taɓa kanka. Ritaya kuwa sai ka cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Za ka zauna shekara 12 a mataki ɗaya, yaran da ka koya wa rubuta takarda suna wuce ka suna zama daraktocinka. Abokin karatunka da ya shiga a 8 rana ɗaya da kai, in komai ya tafi daidai, shekara 26 za ta kai shi 17, yana da 54. Kuma wannan duk lissafin takarda ne. Na ga ƙarin girman da ya yi shekara shida a kan tebur, na ga wanda aka yi a takarda kuɗinsa bai biyo baya ba sai da mai shi ya aurar da 'ya.

To ina maganar "daga baya a gyara"? Akwai gyara a aikin gwamnati, ba ƙarya ba ne. Ma'aikaci kan nemi izinin ƙaro karatu a rubuce, a ba shi, ya je ya dawo da takarda, ya nemi a sauya masa layi, in akwai gurbi a yi masa. Wannan hanya ce sananniya, mutane da yawa ta nan suka hau. Amma ka lura da jerin: izini, karatu, takarda. Takardar da ranar da ke jikinta ta girmi ranar da aka ɗauke ka aiki, ba ta cikin wannan jerin. Ranar da ka kawo ta, tambayar farko da jami'in fayil zai yi ita ce: ina take lokacin da ka cike fom? Fom ɗin ya ce ka rubuta duk makarantun da ka yi da shekarunsu, a ƙasa ka sa hannu cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Dokokin aikin gwamnati sun sa ɓoye bayanai da yi musu ƙarya cikin manyan laifuka, waɗanda hukuncinsu kan kai ga kora. Wanda aka kora kuwa ya rasa haƙƙoƙinsa, kuma da wuya wata ma'aikatar gwamnati ta sake duba takardarsa.

Kada ka ce wa zai sani. Da diflomar nan ka shiga jami'a a aji biyu, JAMB tana da wannan. Sunanka yana rajistar hukumar hidimar ƙasa. Hotonka da kaki yana Facebook. Sama da duka, a Sakkwato kake, inda mai gadin ofis ya san kakanka. A shekarun da na yi, ba na'ura ce ta fi tona irin wannan asiri ba, abokin aiki ne da kuka haɗu a neman kujera ɗaya. Takarda marar suna kawai za a tarar a kan teburin shugaba.

Na tuna wani yaro mai hankali da aka shigar mana a irin wannan hanya. Shekara tara yana aiki, ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba, duk rahoton sashensu shi ke rubutawa. Da ya ga sa'o'insa sun yi nisa sai ya fito da digirin ya nemi a gyara. Maigidanmu na lokacin ya juya takardar, ya dubi ranar, ya dube ni ya ce, "Wanga yaro ya daɓa wa cikinsa wuƙa." An yi ta kai-kawo, manya suka sa baki, ba a kore shi ba. Amma an rubuta a fayil cewa ba za a yi aiki da takardar ba. Digirin shekara huɗu ya koma kwalin ado a ɗakin mahaifiyarsa. Wannan ma mai rabo ne.

Saboda haka ɓoyewa dai a'a. In har za ka nemi gurbin nan, ka neme shi da fuskarka a buɗe: ga difloma, ga digiri, ga takardar hidimar ƙasa. Abu uku ne zai iya faruwa. Ko su ce ka fi ƙarfin gurbin su ajiye ka gefe, ko su ɗauke ka a 6 da sanin kana da digiri, ko kuma, in kawun naka da gaske yana da hanyar da yake faɗa, a nema maka 8 ɗin da ya dace da kai. In na biyun ne, kafin ka karɓi takardar kama aiki ka samu jami'in kula da ma'aikata na wurin, ba kawunka ba, ka tambaye shi: cikin 'yan shekarun nan mutum nawa aka sauya wa layi a nan, kuma shekara nawa suka jira? Ka karanta takardar da kyau, domin wasu wuraren sukan sa mutum ya sa hannu cewa ba zai nemi gyara da takardar da ya zo da ita ba. In ka sa wannan hannu, magana ta ƙare.

Haka abin yake a aikin kaki, har ma ya fi tsanani. Ƙofar kurtu daban, ƙofar hafsa daban. Soja suna da hanyar da suke ɗaukar masu digiri kai tsaye su zama hafsoshi bayan ɗan gajeren horo. Mai digirin da ya bi layin kurtu da takardar sakandare, yana fatan wata rana a ɗaga shi, ya ɗora rayuwarsa a kan wataƙila.

Yanzu mu ƙetara titi zuwa kamfani da kasuwa. Nan sauka ba ta da wannan tsadar, domin babu fayil da zai ɗaure ka shekara 35. Mai kamfani abin da ka iya yake kallo, kuma in ka bar shi gobe, abin da ka koya da shi za ka tafi. A nan ni mai goyon bayan sauka ne, da sharaɗi ɗaya. Ka tambayi kanka: in na yi shekara ɗaya a wurin nan, me zan iya rubutawa a takarda wanda yau ba zan iya ba?

Ga misali. Dillalin siminti da ke ɗauko kaya daga Kalambaina yana neman mai kula da sito. Aikin ɗan sakandare ne a idon mutane. Amma wanda ya riƙe shi shekara ɗaya da idonsa a buɗe ya san shige da ficen kaya, ya san bashi da yadda ake binsa, ya san lissafin mota da direba da mai, ya iya daidaita littafi da abin da banki ya nuna. In ya mayar da littafin alhajin nan cikin Excel, ya fito masa da inda kuɗi ke zurarewa, ya zama mutumin da ba a son rabuwa da shi. Haka mai riƙe wa 'yan albasa lissafin lodi zuwa kudu. Tattalin arzikin da ka karanta a aji, a can yake yawo da ƙafarsa. Ka kwatanta da zama a rumfar POS ta wani: ranar farko da rana ta ɗari uku duk abu ɗaya kake yi. Ba haram ba ne, kuma da babu gara ba daɗi, amma shekararsa ba ta ƙara wa takardarka layi ko ɗaya.

Koyarwa a makaranta mai zaman kanta tana tsakiya. Tana cinye yini, albashin kuma sau da yawa ba ya kai wata. Dokar mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta ce naira 70,000, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu da shaguna da yawa a nan suke fakewa. Ƙaninka da ke hidimar ƙasa yanzu yana karɓar 77,000, to ka shirya zuciyarka, za a iya yi maka tayin abin da bai kai rabin wannan ba. Ka cire kuɗin kabu-kabu daga Mabera zuwa wurin, zuwa da dawowa, kwana 22, ka ga abin da ya rage. Amma in koyarwar ta kwanta maka a rai, ka ɗauke ta sana'a: ka yi diflomar koyarwa ta masu digiri, ka yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Da wannan ka fita daga sahun masu rage zafi.

Bari in faɗa maka abin da ke ran mai ɗaukar aiki idan ya ga kwali ya fi kujera, tunda na zauna a wurin. Tsoro uku ne: zai tafi da zarar ya samu wani, zai raina wanda aka sa a kansa, zai yi aikin da rabin zuciya. Ni kaina na taɓa ture takardar wani mai digiri na biyu da ya nemi aikin karɓar kuɗi, ban ko kira shi ba, na ce wannan wata uku zai yi. Wanda muka ɗauka a madadinsa wata biyu ya yi, ya tafi da abin da ya tafi da shi. Daga baya na ga wancan a wani wuri, ya yi shekaru yana riƙe musu asusu. Har yau abin yana damuna. Amma laifin ba nawa ne ni kaɗai ba, domin takardarsa ba ta ce komai a kan dalilinsa ba. Da ya rubuta layi biyu, cewa ya san aikin bai kai karatunsa ba, yana son ya koyi harkar daga tushe, kuma zai tsaya aƙalla shekara ɗaya, da na kira shi. In ka nemi aikin da ka fi ƙarfi, kai za ka fara ɗaga maganar kafin a ɗaga maka. Kuma alkawarin da ka yi na zama, ka cika shi, garin nan ƙarami ne.

A kamfani, in ka taƙaita CV ɗinka ka fi ba da ƙarfi ga abin da ya shafi aikin, ba laifi. In aka tambaye ka karatunka kai tsaye, ko aka ba ka fom, ka faɗi duka.

Sai tsalle. Sharuɗɗan da ke cikin tallar aiki iri biyu ne, kuma duk dabarar tana wajen rarrabe su. Akwai katanga, akwai labule. Katanga ita ce abin da doka ko tsarin wurin ya kafa, wanda ko shugaban wurin yana ƙaunarka ba zai iya ɗauke maka ba: lasisin aikin jinya ko harhaɗa magani, rajistar injiniya, takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, iyakar shekarun haihuwa, darajar digiri inda aka kafa ta. Jami'a ba ta ɗaukar mataimakin malami sai da digiri na biyu, mai digiri ɗaya kuwa sai in sakamakonsa ya yi kyau ƙwarai a ɗauke shi a matakin farko. A irin wannan kada ka ɓata kuɗin data. A shafukan ɗaukar aiki na intanet ma na'ura ce ke tace mutane tun kafin idon ɗan Adam ya gani.

Labule kuwa shi ne irin su "an fi son mai digiri na biyu", da yawancin abin da ake rubutawa na shekarun ƙwarewa a wajen gwamnati. Na sha zama inda ake rubuta irin wannan talla. Shugaban sashe zai ce shi dai yana son wanda ba sai an koya masa ba. Wani ya ce a sa shekara uku. Wani ya ce in aka sa uku takardu za su cika ofis, a sa biyar. Haka biyar ɗin take samuwa. Ranar tantancewa kuwa abin da ake nema shi ne wanda zai iya kama aikin tun ranar Litinin ba sai an koya masa ba.

Amma kada in yaudare ka. Tsakanin shekara uku da biyar labule ne. Tsakanin babu da biyar rami ne. Kai yanzu, yadda ka rubuto, a bakin ramin kake, sai dai in akwai abin da ba ka ƙirga ba. Samarinmu suna da wannan hali na raina abin da suka yi. Shekarar hidimar ƙasa aiki ce, in ka yi wani abu a cikinta. Koyon aiki na lokacin difloma aiki ne. In ka taɓa aikin zaɓe, ko ka bi masu rigakafin shan inna gida-gida kana cike takardar ƙirga, ko ka riƙe wa wata ƙungiyar unguwa asusu, ko binciken kammala digirinka ya kai ka ƙauye da takardar tambayoyi, duk wannan tattara bayanai ne. Ka zauna ka rubuta su da wuri da wata da adadi. "Na yi aikin wucin gadi" ba ta cewa komai. "Na zagaya gida kaza a gunduma kaza cikin kwana kaza, na shigar da bayanan a waya" ita ce ke sa mai karatu ya dakata. Adadin ya zama na gaskiya, domin za a kira wanda ka ce ya san ka.

Wannan aikin na ƙungiyar agaji yana da tsaninsa, kuma shi ya kamata ka duba fiye da tallar kanta. A ƙasa akwai masu zagayawa da waya suna tambayar mutane, aikin kwana goma ko wata ɗaya. Sama da su mai shigar da bayanai da tsabtace su. Sama da shi mataimakin jami'i. Sannan jami'in da ka gani a talla. Kai kana hangen hawa na huɗu ne daga tsakar gida. Wanda ya fara daga na ɗaya da digiri irin naka, ya iya KoboCollect, wato manhajar cike fom ɗin tambayoyi a waya, da Excel sosai, yana rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, yakan hau da sauri, domin a wannan duniyar babu ƙa'idar shekara uku-uku. Sakkwato kuwa ba ta rasa irin waɗannan ayyuka. UNICEF tana da ofishi a garin nan, ga shirye-shiryen lafiya da abinci mai gina jiki da ilimi a ƙananan hukumomi 23 na jihar. Kana da abin da mai digiri na biyu daga nesa ba shi da shi: in ka zauna gaban mai gari ka san yadda ake gaisuwa, tsohuwa a Gwadabawa ko Wurno za ta gane maganarka ta saki jiki. In kana jin Fulatanci, ka rubuta shi a layin farko. Ka ga ke nan aikin da ya fi kowanne zama ƙasa da kwalinka, na yawo da waya a rana, shi ne ya fi kusa da kujerar da kake hange. Sai dai ka tambayi inda za a tura ka kafin ka amsa, ka san halin da wasu hanyoyin gabashin jihar suke ciki. Ka kuma sani aikin ƙungiya kwantiragi ne, ranar da kuɗin shirin ya ƙare shi ma ya ƙare.

Duk da haka ka tura takardar neman babban gurbin. Ba ka rasa komai sai yini ɗaya. Sau da yawa kwamiti kan ga takardar wanda bai kai ba amma ya burge, a ajiye ta, in ƙaramin gurbi ya buɗe a kira shi. Ka rubuta a wasiƙar cewa shekarunka ba su kai biyar ba, ga abin da ka yi, kuma a shirye kake a gwada ka a kan kwamfuta. Abin da ba na so shi ne ka mayar da tsalle sana'a, kana watsa takarda ɗaya ga manaja da darakta da kodineta, wata shida ba kira ko ɗaya, zuciyarka ta mutu ka ce ai sai da hanya. Hanya tana aiki a ƙasar nan, ba zan musa ba, amma wani lokacin ba ita ce ta hana ka ba. In za ka tura goma, shida su zama daidai da kai, uku gaba da kai da taki ɗaya, ɗaya ta zama ta gwada sa'a.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: tsalle yakan yi nasara ya zama bala'i. Na ga yaron da aka ɗora a kan kujerar da ta fi shi saboda albarkacin wani. Kunya ta hana shi tambaya, na ƙasa da shi suka gane, suka riƙa kawo masa takardu yana sa hannu. Da masu binciken kuɗi suka zo, hannunsa suka gani. In aikin ya haɗa da sa hannu a kan kuɗi ko kaya, kuma babu wanda zai riƙa duba bayanka watannin farko, ka ji tsoronsa ko da an ba ka. Sannan duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a saya maka gurbi, musamman gurbin da kai ma ka san ya fi ka, kallon kitse kake yi wa rogo. Takardar kama aiki ta bogi ta raba gidaje da yawa da gona.

Maganar shekarunka ma tana cikin lissafin. A 28, wasu ƙofofi sun fara rufewa: ɗaukar sababbin masu digiri a bankuna da yawancin aikin kaki suna da iyakar shekaru, ka duba kowace talla da kyau. Wannan ya sa zama jiran "aikin da ya dace da ni" ya fi maka tsada fiye da ɗan shekara 23. Giɓin shekara biyu a takarda ana iya bayaninsa. Na shekara huɗu yana sa mai tantancewa ya fara tunanin ko akwai wani abu. Kuma kada wani ya ba ka shawarar rage shekaru, ita da ɓoye digiri uwarsu ɗaya, ga NIN da BVN suna riƙe da ranar haihuwarka.

Na san akwai abin da ba ka rubuta ba, wato bakin mutane. Ɗan gidan wane, da digirinsa, yana ƙirga buhu. Wannan magana wata biyu take yi ta mutu. Masu yin ta ba za su ba ka kuɗin sabulu ba, kuma su ne dai za su ce shekara huɗu yana zaune.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi makon nan. Zan je gidan kawu bayan magariba, ba ta waya ba, in yi masa godiya sosai, in nuna masa lissafin 6 da 8 a takarda, in roƙe shi ya yi amfani da hanyar tasa a kan kwalin da nake da shi, ko da za a jira ɗauka ta gaba. In ya ce 6 ɗin kaɗai ke akwai, zan ce a shigar da takarduna duka, in ji abin da jami'in ma'aikatan wurin zai ce game da sauya layi, sannan in yanke. In gida akwai matsin da ba zai jira ba, mahaifi ba lafiya ko ƙanne a makaranta, karɓar 6 a bayyane ba abin kunya ba ne, muddin ba ka sa hannu a kan takardar da ta kashe digirin ba, kuma ka ci gaba da neman 8 a duk inda aka buɗe. Zan tura wa ƙungiyar takardata kafin ranar rufewa, sannan in nemi wanda ke haɗa musu masu zagayen tattara bayanai in ba shi sunana. Kafin a kira, zan sauke KoboCollect a waya, in ƙirƙiri fom na gwaji mai tambaya goma sha biyar, in zagaya shagunan layinmu in cike shi, in zuba sakamakon a Excel, in rubuta rahoton shafi biyu a kan farashin gero da shinkafa da man gyaɗa na wata ɗaya. Ranar ganawa, da rahoton nan zan shiga a hannu.

In ka rubuta rahoton, ka kawo mini in duba maka kafin ka kai.